Faratan Hannun Dama

George ya kai daidai inda kiɗan yake maƙale masa kullum, yatsunsa suka tsaya cak a kan tsirkiya, sai ga wani yana kwaɗa sallama a ƙofar gida. Ya ja tsaki. Asabar ce, ranar da ba ya zuwa ofishin gona na Sule Tankarkar, kuma gobe ne za a yi sujadar tunawa da 'yarsa Rejoice a cocinsu na nan Gumel. Yau kaɗai ta rage masa ya ƙarasa kiɗan da yake haɗa mata, shi ne wani ya ga babu lokacin zuwa sai yanzu.

Ya jingine jitar a bango ya fito. Dattijo Saviour ne, babba a cikin dattawan ikkilisiya, tsohon ma'aikacin gidan waya, da Littafi Mai Tsarki a hammata, wanda ko cefane za shi ba ya barinsa a gida. Suka gaisa, George ya jawo masa kujera ƙarƙashin darbejiya. Cecilia matar George ta kawo ruwa, ta rusuna ta gaishe shi, ta koma bakin murhu. Dattijon bai taɓa ruwan ba. Idonsa yana kan hannun George na dama.

Hannun kuwa abin kallo ne ga wanda bai sani ba. Babban yatsa da ukun da suke bin sa duk suna da farata dogaye, an goge bakinsu sumul suna sheƙi, na hagu kuma an yanke su har nama. Haka wani tsohon Bature ya koya masa tun yana makarantar koyon aikin gona a Filato, ya kuma bar masa jitar da zai koma ƙasarsu. Ba irin jitar 'yan kwaya, mawaƙan coci, ba ce da ake duka ana waƙa a kai. Tsirkiyarta nailan ce, hagu yana dannawa, faratan dama suna tsinkar murya ɗaya bayan ɗaya, ita kaɗai take maganarta babu mai raka ta. Shekara da shekaru George yana yawo da hannun nan a Gumel, iyakaci abokan aiki su tsokane shi su ce ya fi 'yammata gayu.

"Ɗana," in ji dattijon, "jiya mun zauna a kan maganar gobe. Mun yarda ka yi kiɗanka bayan wa'azi. Sai dai akwai sharaɗi. Ka yanke waɗannan."

"Waɗanne, Baba?"

Dattijon ya nuna hannun da haɓa.

George ya yi dariya, don ya ɗauka wasa ne. "Baba, ai da su nake kiɗan. Kamar ka gayyato mai kalangu ne ka ce ya bar makaɗinsa a gida."

"Godspower ma yana kaɗa jita a kwaya, faratansa kamar na kowa."

"Godspower da guntun roba yake jibgar tasa. Wannan daban ce. In na yanke yau sai na yi makonni kafin su dawo, sujada kuma gobe ce."

Dattijon ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta mai shirin faɗin abin da ya daɗe yana taunawa. "Mutane suna magana, ɗana. Hannu ɗaya da farata, ɗaya babu. Kana kulle kanka a ɗaki kana wani kiɗa da babu waƙa a ciki, babu sunan Yesu, babu halleluya, sai ka ce ana kiran wani abu. Yarinya ta tafi, ba a jima ba aka yi maka ƙarin girma a ofis. Ni dai ban ce komai ba. Amma in ka yanke, bakin kowa ya mutu."

Kai, jama'a! George ya ji kamar an watsa masa tafasasshen ruwa a fuska. Ya miƙe zumbur, kujerarsa ta kife.

"Wato ni na ba da 'yata. Ni, George, na ba da Rejoice don a ɗaga mini kujera a ofishin rabon taki!"

"Ban faɗa ba."

"Ka faɗa mana, Baba! Ka tako har gidana ka faɗa! Sanƙarau ya share yara a bazarar nan tun daga Gagarawa har Maigatari, kullum ana hanyar maƙabarta. Ɗantsoho maƙwabcina yara biyu ya binne. Shi ma faratansa ne suka cinye su? A masallacinsu wa ya je ya duba masa hannu? Sai mu, masu ce wa juna ɗan'uwa!"

"Rage murya. Ba haka kawai maganar ta tashi ba. Matan da suka yi mata wanka sun ga abin da suka gani."

"Me suka gani?"

Dattijon ya miƙe, ya gyara Littafin a hammata. "Ni dai na isar da saƙo. In ka zo gobe da su, ka zauna a benci kamar kowa, amma gaba ba za ka hau ba." Ya sa kai ya fice.

George ya juya wajen murhu yana huci. "Kin ji? Kin ji abin da 'yan'uwanki a cikin Ubangiji suke faɗa?"

Cecilia tana tsintar wake a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba. Shirun nan nata ya fi maganar dattijon ƙona masa rai. Ya zura takalmi ya fita. Ya san wadda ta yi wankan: Mama Lovelyn ce, shugabar zumuntar mata, mai rumfar kayan miya a kasuwa.

A ƙofar gida ya tarar da Ɗantsoho yana goge babur ɗinsa na haya.

"Malam Joji, lafiya? Har nan nake jin muryarka."

"Kai ni kasuwa."

Ɗantsoho ya dubi fuskarsa, bai ƙara tambaya ba, ya tada babur.

A bayan babur ɗin ma kiɗan bai sake shi ba, yatsunsa suna ta motsi a kan cinyarsa. Kashi uku ya yi shi. Na farko tafiyar Rejoice ce, yadda take yi in an aike ta sayen ƙuli-ƙuli, ta yi tsalle, ta ɗingisa don tsokana, ta waiwayo ta ga ko ana kallonta, yarinyar da ko makarantar firamare ba ta yi nisa ba. Na biyu zazzaɓin ne. A nan yake yagar manyan tsirkiyoyi har jitar tana girgiza a ƙirjinsa, a tsakiya kuma akwai wata siririyar murya guda mai tsagawa sama, ƙarar da yarinyar ta yi a hanyar asibiti, wadda ba ta taɓa barin kunnensa ba. Na ukun shi ne ya gagara. Yatsu uku suna bin tsirkiya ɗaya a guje kamar yayyafi a kan rufin kwano, babban yatsa yana takawa a ƙasa a hankali, daga nan kuma ya kamata a sauka a ce amin. Wajen saukar ne hannunsa yake ƙi.

Ba wai ya daina gaskata Allah ba ne. Da ya daina, da wa zai riƙa faɗa kowace safiya? Tun bazara addu'arsa tambaya ɗaya ce, kuma ba a amsa ba. Da baki ya kasa yin ta a gaban mutane, don da ya buɗe baki sai a toshe shi da "nufin Ubangiji ne, ɗan'uwa". A jita kuwa babu mai katse shi. Shi ne yanzu wasu da ba su san kan kiɗa ba balle gindinsa suke so su hana shi kai kukansa cikin ɗakin Ubangiji. Haushi ya sake turnuƙe shi, har ya ce wa Ɗantsoho ya ƙara wuta.

Mama Lovelyn tana auna wa wata mata manja a kwalba sa'ad da ya tsaya mata a ka. Ko gaisuwa bai yi ba.

"Mama, me kika gani a jikin 'yata?"

Ta dube shi, ta dubi hannun, ta rufe jarka. "Baban Rejoice, nan fa kasuwa ce."

"A kasuwa kika raba maganar, a kasuwa za ki maimaita ta. Kun zo makokina kun ci shinkafa, kun yi mini waƙa, kun rungume matata, kuna fita kuna cewa ni maye ne. Wace irin zumunta ce wannan? Faɗi! Me kika gani?"

Masu rumfunan kusa suka bar ciniki, mai nama ya tsaya da wuƙa a hannu. Lovelyn kuwa ba mace ba ce da ake daka wa tsawa ta yi laƙwas. Ta gyara ɗaurin zani ta fito gaban rumfa.

"Tunda so kake ka ji, to ji. Ni na wanke ta da hannuna. A nan," ta dafa haƙarƙarinta, "shatin farce huɗu, uku a gaba, ɗaya a baya, sun nutse a nama, ɗaya har da busasshen jini. Na wanke yara da yawa bana, Allah ya sani, ban ga sanƙarau mai farce ba. Ban ce kai maye ba ne. Mutum ɗaya na gaya wa abin da idona ya gani, bakin mutane kuma ba a hannuna yake ba."

"Ƙarya kike yi!"

"Matarka tana tsaye da buta, ita take zuba mini ruwa. Je ka tambaye ta in ƙarya nake."

Ɗantsoho ne ya ja shi ta riga, da ba don haka ba Allah kaɗai ya san abin da zai fito daga bakinsa. Ya ɗora shi a babur, suka bar kasuwa mutane suna bin su da ido. Maimakon ya nufi gida, sai ya tsaya a wata inuwa bayan tasha, ya kashe babur, ya juyo.

"Malam Joji, ka yi haƙuri in gaya maka wata magana. Matar nan bakinta ya yi yawa, amma ba ƙarya ta yi ba."

"Har da kai, Ɗantsoho?"

"Ni na ɗauke ku ranar, ka manta? Tana tsakaninmu, wuyanta ya sanƙare, tana ta banƙarewa. Da muka zo kwanar can na kauce wa amalanke, sai ta zame, wallahi ƙafarta har ta ja ƙasa. Ka cafko ta da hannu ɗaya ka dawo da ita. A nan ne ta yi ƙarar nan. Ni na ɗauka ka sani."

George ya waiga. Ya dubi kwanar, wata mai tallar gyaɗa ce ma take zaune a wurin yanzu. Ƙarar nan da ya yi wata da watanni yana nemanta a wuyan jita har ya same ta, ƙarar da yake ɗaga wa Allah kowace safiya yana cewa ga aikinka, ashe hannunsa ne ya fitar da ita. Kuma ita ce sautin ƙarshe da ya ji daga bakin 'yarsa, don daga nan har aka rufe ta da zani ba ta sake cewa uffan ba.

"Da ba ka riƙe ta ba, a kwalta za ta faɗi," in ji Ɗantsoho. "Riƙo ne, Malam, ba cuta ba. Ƙaramar tawa, Nana Firdausi, ko riƙon ban samu na yi mata ba. Na kai fasinja Ɗanzomo, ina dawowa na ga mutane a ƙofar gida."

George ya ji maganar, amma ba ta sanyaya masa komai ba. Fushin bai tafi ba, wurin zama kawai ya sake. Ya ɗaga kai sama inda hadari yake ta haɗuwa yana watsewa babu ɗigo, ya ce a ransa: Kai da kake ganin komai, ka ɗauke ta, na ji. Ko wannan ɗin ba za ka rage mini ba?

La'asar ta yi sa'ad da ya shiga gida. Cecilia ta sauke wake, tana zaune a tabarma da hannu a cinya, ba ta komai. Ya tsaya a kanta.

"Kin gani?"

Ba ta tambaye shi me ba. "Na gani."

"Shi ne kika yi shiru? Duk garin nan ya sani, har mai nama a kasuwa, ni kaɗai nake yawo kamar wawa ina goge farata!"

Sai ta ɗago. Ashe ita ma cike take fam.

"In gaya maka me? In ce zo ka ga abin da hannunka ya yi? Na san riƙo ne, ba sai wani ya faɗa mini ba, ni na miƙa maka ita a babur. Ranar da maganar maita ta dawo kunnena har gida na bi Lovelyn, da ƙyar aka raba mu. Tun ranar ban sake taka zumunta ba, kai ko lura ba ka yi ba. Ina za ka lura? Kana ɗaki! Kai ka samu inda kake zuba kukanka, ka ja ƙofa ka rufe, ni ka bar ni da tukunya da gulmar mata. In zo kuma in ƙwace maka jitar? Da me za ka rage?"

"Da kin ce in yanke."

"Ban iya ba." Sai ta ci gaba. "Amma Allah ya sani, Baban Rejoice, in ka miƙo mini kofi, shatin nan nake gani. In ka dafa ni, jikina ne yake janyewa, ba ni ba. Da ka fara kiɗa nake ɗaukar bokiti in tafi famfo, ko randa cike take. Ban taɓa jin sa har ƙarshe ba."

Jikinsa ya yi sanyi. Ya sha ganin tana janye kafaɗa, ya ɗauka laifin jinkirin zuwa asibiti take ɗora masa, shi ma ya yi zuciya ya daina matsowa. Watanni suna gida ɗaya, kowa yana haɗiyar nasa shi kaɗai. Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba a gaban 'yan kasuwa.

Ya shiga ɗaki, ya fito da jitar a hannu ɗaya, sabuwar reza a cikin takardarta a ɗayan. Ya ajiye rezar a gefen tabarma, ya tada kujerar da ta kife tun safe, ya zauna, ya ɗora ƙafar hagu a kan bulo.

"Zauna ki ji sau ɗaya. Kada ki je famfo."

Ya fara. Ba a yi nisa ba Cecilia ta gane tafiyar, tsallen da ɗingishin da waiwayen, ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da sheƙa. Bayan katanga, rediyon gidan Ɗantsoho ya yi shiru. Da ya shiga kashi na biyu bai sassauta ba, ya yagi manyan tsirkiyoyin da duk haushin da ya kwaso tun safe, na dattijo, na kasuwa, na Allah, na kansa. Ya zo kan siririyar muryar nan, hannunsa ya tsaya a sama. Cecilia ta dube shi. Ya cije leɓe ya tsinke ta, ta tsaga tsakar gidan, matar ta toshe baki da gefen zani amma ba ta tashi ba. Daga nan yayyafin ya sauko, yatsu uku suna gudu a kan tsirkiya ɗaya, babban yatsa yana takawa a ƙasa, a hankali, a hankali, har ya kai inda yake kaiwa kullum. Ya tsaya.

"Nan ya ƙare?" ta tambaya.

"Nan na tsaya. Daga nan amin ne, ni kuwa ban iya ce masa amin ba tukuna."

Ta share fuska. "To bar shi a nan. Ni ma nan nake."

Ya kwantar da jitar a kan kujera, ya sauko tabarma ya zauna kusa da ita. Ya ɓare rezar, ya miƙa mata, sannan ya miƙa hannun dama.

Cecilia ta dubi rezar, ta dube shi. "Ka san abin da za su ce gobe. Baba Saviour zai ga hannun ya ce ka tuba. Matan nan za su ce ashe da gaskiyarsu. Kiɗan kuma babu mai jin sa a coci."

"Na sani." Haƙoransa a datse suke. "Ba don su ba ne. Su faɗi abin da za su faɗa, Allah ya isa tsakanina da su."

Ta karɓi hannun. Rabonta da riƙe shi tun bazara. Ta juya shi a tafinta, tana duban faratan ɗaya bayan ɗaya.

"Wanne ne ya yi jinin?" George ya tambaya.

Ta ɗora yatsanta a kan na tsakiya.

"Fara da shi," in ji shi.